Sandar Awon Ruwa ta Kakana

Tun da na yi wayo na tarar da shari'a a gidanmu, an shigar da ƙara ba a yanke hukunci ba. Mai ƙara mahaifina ne. Waɗanda ake ƙara kuwa Turawa biyu ne da na tabbata ƙasusuwansu sun zama gari tun kafin a yi mini askin suna. Kotun ita ce tabarmar ƙofar gidanmu a kan dutsen Nakkasa a Makka, ana zama kullum bayan la'asar, ba hutun Juma'a ba na Salla. Shaida ɗaya ce tak: wata doguwar sanda da ke rataye a rufin ɗakin Baba, an ɗinke ta ruf cikin fatun awaki daga kai har gindi. Ban taɓa ganin jikinta ba. Shi ma Baba bai taɓa gani ba, kuma da ina da hankali da wannan kaɗai ya isa ya sa ni tunani. To amma ni Allah bai yi ni don tunani ba, ya yi ni don surutu da liƙa tayil a gidajen mutane.

Sandar ta kakana ce, wanda aka sa mini sunansa. Shi ya sa Baba da yayarsa, Goggo, ba sa kama sunana, sai dai su ce Babana. Kakan nan nawa mai awon ruwa ne a jiragen Turawa da ke bin kogin Binuwai a zamanin yaƙin da tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Bama. Aikinsa ya tsaya a goshin jirgi, ya soka sanda cikin ruwa, ya ɗaga murya ya gaya wa matuƙi a wuce ko a kauce. Sandar ta gwamnati ce, ƙafa goma sha biyu cif, an yi mata tsaga a kowace ƙafa, da ƙarfe a gindinta, an kuma ɗaura jar fata daidai ƙafa shida. In ruwa ya shanye jar fatar, jirgi mai kaya zai wuce lafiya. In bai kai ba, a nemi wata hanya. Iyakar ilimin ke nan. Amma in Baba yana bayaninsa, sai ka rantse kakana ne ya haƙa kogin da farcensa.

Yadda Baba ke ba da labarin, Binuwai kogi ne mai rowa. Watanni kaɗan yake ba manyan jirage hanya, da damina ta ɗauke sai ya fara janyewa. Sojoji kuma suna so a kai musu durom-durom na fetur da kayan gyaran motoci can sama, wajen Yola da gaba da ita, kafin ruwa ya ja. Ofisoshi biyu ne ke da alhakin hanyar: masu safiyo, waɗanda ke zana inda zurfi yake, da masu yasa, waɗanda ke kwashe yashi inda ya toshe. Saboda yaƙi an janye jiragen yasa masu ƙarfi an kai su bakin teku, aka bar wani tsoho guda mai tari kamar mai fuka. Masu safiyo suna cewa sun nuna wurin da za a yashe, 'yan yasa ba su yashe ba. 'Yan yasa suna cewa sun je inda taswira ta nuna, sun tarar da wani bawan Allah yana shuka masara a wurin, domin kogin ya riga ya yi ƙaura tun bara. Takardu suka yi ta kai da kawo tsakanin Lakwaja da Ikko. Baba ya ce da an zuba takardun nan a kogin, da su kaɗai sun isa su tsayar da jirgi.

Rannan da safe, gaba da Ibi kaɗan, aka zo wata mararraba da taswira ta ce da zurfi, 'yan yasa kuma suka ce sun yashe ta. Kakana ya soka sanda, jar fata ta nutse, ya ce a wuce. Jirgi ya wuce, ya hau yashi, ya zauna kamar kaza a kan ƙwai. Aka tura, aka ja, aka sauke rabin kaya, bai motsa ba, ruwa kuma kullum ƙara janyewa yake. A nan ya yi rani. A bakin Baba, mutanen ƙauyen har kabewa suka shuka a inuwarsa, kuma wannan zaman ne ya ƙara wa yaƙin tsawon shekara guda. Wata rana in shayi ya yi masa daɗi, shekara biyu.

Manyan soja suka ce sai an fito da mai laifi. Baturen safiyo ya nuna Baturen yasa, Baturen yasa ya nuna Baturen safiyo, aka yi ta wannan har alƙaluma suka gaji. Daga ƙarshe, karo na farko tun da aka kafa ofisoshin, sai bakinsu ya zo ɗaya: a kira mai sanda ya zo Lakwaja da sandarsa a auna ta. Kakana, in ji Baba, ya gane nufinsu, za su musanya sandar da ta bogi su ɗora masa laifi. Sai ya ɗinke ta cikin fata, ya ɗauki matarsa Iya, da 'yarsa ƙarama wadda ita ce Goggo, da cikin da ke jikin Iya, ya fuskanci gabas. Cikin nan shi ne Baba. A hanya aka haife shi, ya tasa a ƙasar Sudan, kuma yana famfara suka shigo Makka. Wasiyyar da kakana ya bari game da sandar kalma uku ce: kada a kwance. Baba ne ya ƙara mata jela daga baya, ya ce nufinsa kada a kwance sai a gaban shaidu.

Kowane zaman kotu da addu'a ɗaya yake rufewa: Allah ya saka wa mahaifinsa, Allah ya isa tsakaninsa da Baturen safiyo da Baturen yasa. Maƙwabta su shafa su ce amin. Akwai waɗanda suka fara cewa amin ɗin nan suna samari, suka yi furfura a kanta.

Haka muke har aikin rusau ya iso layinmu. Muka wayi gari da jan fenti a bangon gidanmu, da na maƙwabta, har da ɗakin awakin wani mutumin Damagaram. Na samo mana shagga, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Rusaifa, hawa na uku, ni da iyalina da Baba. Goggo ta riga ta koma wurin 'yarta a unguwar Hindawiyya tun da ƙafafunta suka ƙi hawan dutse. Maƙwabta kuwa kowa ya kama gabansa, wasu Jidda, wasu wata unguwa, wasu sun ce su gida Najeriya za su koma su mutu a inda aka san kakanninsu.

Sai Baba ya kira ni ya ce kotu za ta watse ba a yanke hukunci ba, kuma shi ba zai yarda ba. Ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi yanar gizo, bai san ko zai ga wata Salla ba. Ya ce ranar Juma'ar ƙarshe kafin mu tashi za a tuƙa tuwo, a tara duk wanda ya taɓa zama a tabarmar nan, a farke fata a gabansu, ni kuma in auna sandar da tef ɗin aikina. A rubuta abin da aka gani, shaidu su sa hannu, a ba wani alhaji ya kai wa danginmu na Ibi, su san ba ɓarawo ba ne ya gudu ya bar su.

"Babana," ya ce da ni, "abin da ya rage mini ke nan. Ba na so in je in same shi ban wanke shi ba."

Ni kuwa murna ta kama ni. Na bi gida-gida ina gayyata, ina cika baki cewa ranar Juma'a za a ji ƙarar faɗuwar Turawa biyu tun daga Nakkasa har Landan. Har sabon tef na sayo.

Ranar Talata na je Rusaifa na auna kwanar matakalar bene don in san kayan da za su shiga da waɗanda sai an ja da igiya. Da na dawo, Baba yana masallaci, sai na ce bari in sauko da sandar in gwada ta yadda take a cikin fatarta, in ga ko za ta sha kwanar. Na shimfiɗe ta a tsakar gida na ja tef. Mita uku da 'yan yatsu.

Ni mai tayil ne. Kana iya ruɗa ni a nahawu, kana iya ruɗa ni a rabon gado, amma ba a awo ba. Ƙafa goma sha biyu ta haura mita uku da rabi. Na sake ja. Na juya na fara daga ɗaya gefen, kamar sandar za ta ƙara tsawo in an bi ta baya. Na ce tef ɗin ne na banza, na ɗauko tsohon. Shi ma ya maimaita maganar ɗan'uwansa. Ƙafa goma. Biyu babu.

Gumin da ya keto mini ran nan, da a Binuwai aka zuba shi da jirgin ya taso. Na durƙusa na duba gindin sandar. Zafin rufin kwano na shekara da shekaru ya sa fatar ta tsage a wurin, na cusa yatsa na buɗa. Babu ƙarfen da Baba ke faɗa. Abin da na gani sara ne, saran adda, a karkace, irin na wanda ke sauri. Itacen ja ne mai duhu, mai nauyi, ga tsagar awo ta zagaye shi, siririya, tsaf kamar an zana da zare. Na daɗe ina kallon tsagar nan, domin na san ta. Na san launin itacen. Kaina ma ya san nauyinsa.

Iya tana da wata muciya da ba a fito da ita sai ranar babbar tukunya, Salla ko suna ko biki. Ja ce mai duhu, da tsaga guda a tsakiyarta. Matan gidanmu ba sa auna ruwan tuwo da kwano. Su tsayar da muciyar a tukunya, a yi ta zuba ruwa har ya kai tsaga, shi ke nan, tuwon ba ya ruwa ba ya tauri. Tun ina ƙarami nake jin ana cewa, ya kai tsaga? Da ita Iya ta ƙwale ni a ka ranar da na tsoma hannu a miyar baƙi. Da Iya ta rasu, Goggo ce ta gaje ta.

Na mayar da sandar rufi, na sauka dutsen nan ban san da ƙafa na sauka ba ko da ciki, na tari mota zuwa Hindawiyya.

Na sami Goggo a kan darduma tana gyaran zogale busasshe da aka kawo mata tsaraba. Ta kusa casa'in amma bakinta bai tsufa ba. Ta dube ni ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa, muciyar Iya nake so in gani. Ta ajiye tiren a hankali. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce da ni in rufe ƙofa.

"Ka auna ke nan," ta ce.

Na ce na auna.

"Uban wa ya aike ka? Shekara tamanin tana rataye ba ta ci wa kowa tuwo ba."

Na tuna mata cewa ƙaninta ya gayyaci rabin Nakkasa ranar Juma'a, kuma ita ce aka ce za ta jagoranci tuƙin tuwon. Ta ce ita ta ɗauka irin maganarsa ce ta kullum, shekara nawa yana cewa zai tara shaidu. Sannan ta sa na jawo wata jaka a ƙarƙashin gado, ta zaro muciyar, ta ɗora a cinyarta, ta ba ni labarin da Iya ta ba ta a ciwon ajalinta.

A zamanin nan ma'aikatan jirgi da iyalinsu suke tafiya, a bayan jirgi ake girki. Iya tana da ciki wata biyar, sun yi makonni ba abin da ake samu a bakin kogi sai doya da rogo, ita kuwa ranta ba abin da yake so sai tuwon dawa. Ta samo dawa da ƙyar a kasuwar Ibi, ta daka, ta tankaɗe, sai ta tuna muciyarta ta faɗa ruwa tun a Makurɗi. Ranar Juma'a ce, jirgi ya tsaya, maza duk sun tafi masallaci. Ta duba ko'ina ba ta ga icen kirki ba sai sandar mijinta a kwance a kan rumfa, doguwa har ta yi yawa. A ganinta mutum ɗaya me zai yi da wannan tsawo duka. Ta sare daga gindi, inda ya fi kauri, ta ɓamɓare ƙarfen ta jefa a kogi, ta feƙe, ta tuƙa tuwonta, ta mayar da sandar inda take ta juya gindin wajen bango.

Na ce, "Goggo, sandar gwamnati? Ana tsakiyar yaƙin duniya?"

Ta ce, "Ita ta san da wani yaƙi? Yarinya ce, kuma yunwa take ji."

Na tambaye ta yadda aka yi mutumin da ya shekara goma da sanda a hannu bai ji ta ragu ba. Ta ce Iya ta ce da zazzaɓi ya tashi ran nan, ga Baturen soja a kansa yana ta ihu a yi sauri, shi kuma idonsa a kan jar fata kawai yake. In wannan bai gamsar da ni ba, in je maƙabarta in tambaye shi da kaina, ta san layin da yake.

Na zauna a ƙasa. Wato duk Allah ya isan nan, duk amin ɗin nan, duk takardun Lakwaja da Ikko, duk fetur ɗin da ya yi rani a kan yashi, malmalar tuwo ce. Kuma ni da bakina na ci tuwon muciyar nan ya fi sau dubu, har ina neman ƙari.

Na ce mata to yanzu yaya za a yi da Baba. Ta ce ita ta yi wa uwarta alkawarin ba za ta fara faɗa ba, kuma ba ta fara ba, ni ne na fara da tef ɗina, sai in ƙarasa.

Laraba na wuni ina saƙa da warwara. Na yi tunanin in ce tef ya ɓace, amma a Nakkasa kowane gida akwai magini. Na yi tunanin in samo katako in ƙara mata ƙafa biyu in sake ɗinkewa, har na je wurin wani kafinta a Rusaifa na tsaya a ƙofarsa, sai na ji kunya ta rufe ni, na gaishe shi na wuce. Na yi tunanin in ce ƙafar Turawan da ta fi ta yanzu gajarta. Duk wanda na ɗauko sai in ga fuskar Baba a gaban mutane ana farke fata, sai in ajiye. Da na dawo gida na tarar da shi yana gwada babbar rigar da zai sa, yana tambayar matata ko ta yi masa yawa. Abinci ma kasa ci na yi, abin da bai taɓa faruwa da ni ba ko ranar da aka cire mini haƙori.

Alhamis bayan azahar na ɗauko Goggo a mota, na goya ta a bayana muka hau dutsen, tana zagina tun daga ƙasa har sama wai ina girgiza ta. Na sallami yara, na sauko da sandar, na ce da Baba gara mu fara gani mu uku kafin gobe. Ya ɓata rai, ya ce shaida ba a buɗe ta a ɓoye. Goggo ta ce, "Auta, zauna." Duk duniya ita kaɗai ke ce masa haka, kuma ya zauna.

Na farke ɗinkin da reza. Fatar ta yi ta ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ga jar fata nan, ta koma baƙa, amma tana nan. Baba ya sa hannu ya shafa ta, leɓensa yana motsi. Sannan ya bi tsagogin da yatsa daga jar fatar zuwa gindi yana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yatsansa ya faɗa kan saran adda. Ya koma ya sake. Ya ɗago ya dube ni da idon nan mai gani, ya ce Turawan sun riga sun musanya ta ke nan.

Goggo ta zaro muciyar daga mayafinta, ta miƙa mini, na ɗora ta a gindin sandar. Saran ya hau kan saran, karkacewar ta bi karkacewar. Na ja tef. Ƙafa goma sha biyu, ban da yatsu uku da tukunya ta cinye a shekara tamanin.

Ban taɓa jin tsakar gidanmu ta yi shiru irin na ran nan ba, har ina jin motar rusau tana aiki a layi na uku. Goggo ta ba shi labarin a gajarce, ba ta ƙara gishiri ba. Da ta zo kan kwaɗayin tuwon, sai ta nuna shi da baki ta ce, "Kai ne fa a ciki kana harbin ta. In ana neman mai laifi, ga ka nan."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon muciyar kamar yau ya fara ganin ta. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Yaya, shi ya sani?"

Ta ce mahaifinsu tun da ya zaro sandar daga ruwa bayan jirgi ya zauna ya gani. Ya rufe gindin da rigarsa kafin kowa ya lura. Da takardar Lakwaja ta zo, ya san in aka auna za a tambayi wanda ya sare, kuma a lokacin yaƙi ɓarnar kayan gwamnati ba wasa ba ce, ga Iya da tsohon ciki. Bai daka mata tsawa ba, bai kai ƙararta wurin kowa ba. Abin da ya ce da ita kawai, tuwon ya yi daɗi dai? Ta fashe da kuka. Ya ce ta ɗaure kaya, gabas za su. Har ya mutu bai sake ta da maganar ba, kuma duk ranar da aka tuƙa da muciyar nan yana ci ya yi hamdala.

Baba ya ce, to mahaifin nasu da yake zaune yana jin sa yana tsine wa Turawa tun yana saurayi, me ya hana shi ya kwaɓe shi? Goggo ta ce ya tuna da kyau, uban nasu ya taɓa cewa amin? Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar mu da sanda a ƙasa. Ran nan ba a yi zaman kotu ba.

Na ɗauka zai ce a fasa taron. Da safe ya fito cikin babbar rigarsa ya ce a ɗora tukunya, kuma da muciyar za a tuƙa. Bayan Juma'a mutane suka cika layi har kan matakalar maƙwabta. Ya sa na auna a gabansu. Na ja tef, na faɗi abin da na gani, muryata kamar ta ɗan akuya. Wuri ya ɗauki guna-guni. Baba ya ɗaga hannu, ya ce ya kira su shaida, to su shaida: sanda ta gaza da ƙafa biyu, daga cikin gidansu aka rage ta, ba da mugunta ba, mahaifinsa kuma ya sani ya rufa wa iyalinsa asiri. Bai faɗi wanda ya sare ba, bai ambaci muciya ba. Ya ce ya janye ƙararsa a kan Baturen safiyo da Baturen yasa, ko da yake har gobe yana nan a kan cewa ɗaya bai iya zane ba, ɗaya kuma malalaci ne.

Mutumin Damagaram mai awaki, wanda ya fi kowa daɗewa a tabarmar, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Alhaji, to amin ɗinmu ta shekara arba'in fa, a wuyan wa take?" Baba ya ce a wuyansa, su yafe masa. Ba a rubuta takarda ba, ba wanda ya sa hannu. Aka kawo tuwo, kowa ya ci, wasu har da guzuri. Baba kaɗai ya wanke hannu ya zauna yana kallon kwanon har ya huce.

Sandar ba ta sha kwanar benen Rusaifa ba. Na ce da Baba, tun da dai an riga an fara, ko in rage mata wata ƙafa biyu. Kallon da ya yi mini ya sa na je na nemo igiya da kaina, muka ja ta ta taga, mutanen titi suna ɗaga kai suna tambayar ko tuta za mu kafa. Yanzu tana jingine a bangon ɗakinsa, ba fata.

Wata guda cur Baba bai ci tuwo ba. Shinkafa, gurasa, ful, duk yana ci, amma in matata ta tuƙa sai ya ce ya ƙoshi. Ba ya kuma ba da labarin Binuwai, ko jikoki sun roƙe shi. Na fara tsorata, don tsohon da ya daina labarinsa ban san me ya rage masa ba. Rannan da hantsi ina shirin fita aiki sai ya miƙo mini kular abinci, ya ce in na tashi in biya Hindawiyya.

"Ka ce wa Yaya na dawa nake so. Kuma ta san da wadda za ta tuƙa."

Na kai saƙo. Goggo ta karɓi kular, ta juya ta, ta ce in gaya masa wannan kwaɗayin nasa ya riga ya tsayar da jirgi ɗaya. Sannan ta ƙwala wa 'yarta kira ta ɗora ruwa, ta zaro muciyar ta miƙa mini, ta ce tun da ni ne sarkin awo, in tsaya a kan tukunyar in gaya musu in ya kai tsaga.